Bel Ɗin Mota: Lahanin Da Ake Gyarawa Da Wanda Sai An Sauya

A tashoshin mota na Kazaure da Karkarna da Babura, kamar sauran tashoshin Arewa, fasinjan da ya samu gidan gaba ya saba da wani umarni da direba kan bayar idan an doshi shingen jami'an kiyaye haɗurra: a jawo bel a ɗora a ƙirji. Sau da yawa bel ɗin ba shi da makullin da zai shiga, ko ya saki ya zube a cinya, ko kuma an ƙulle shi a inda ya tsinke. Fasinja ya danne shi da hannu, ana wuce shingen ya sake shi. An kauce wa tara ke nan, haɗarin kuwa yana nan daram.

Bel ɗin da ya lalace kashi biyu ne. Akwai wanda wanki da kakkaɓe ƙura suke mayar da shi daidai, ba tare da an kashe kuɗin kirki ba. Akwai kuma wanda babu wani gyara da zai dawo masa da ƙarfinsa, sai dai a cire a sa wani. Rashin bambance waɗannan biyun ne yake sa a yanke bel mai lafiya saboda datti kawai, a kuma kai wanda ya mutu wurin mai ɗinki a ce an gyara.

Yadda bel yake aiki

Idan mota mai gudun kilomita 50 a awa ta daki abu mai ƙarfi ta tsaya cak, mutumin da ke cikinta ba ya tsayawa tare da ita. Jikinsa yana ci gaba da wannan gudun har sai wani abu ya tare shi, ko sitiyari, ko gilashi, ko kwalta. Ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar bene mai hawa uku. Idan gudun ya kai kilomita 100 a awa, tsayin ya zama kusan mita 40, domin duk lokacin da gudu ya ninku sau biyu, ƙarfin karo yana ninkuwa sau huɗu. Aikin bel shi ne ya riƙe mutum a kujerarsa, ya raba wannan ƙarfi a kan ƙasusuwan da suka fi juriya, wato na ƙugu da ƙirji da kafaɗa, ya kuma hana a yi jifa da shi waje.

Sassa biyar ne suke haɗuwa su yi wannan aiki.

Na farko ita ce igiyar kanta, saƙar zaren roba mai ƙarfi wadda faɗinta bai cika santimita 5 ba. Ƙa'idar Amurka, wadda motoci da yawa da ke shigowa Najeriya aka ƙera a kanta, ta tanadi cewa ɓangaren da ke ratsa ƙugu ya iya ɗaukar nauyin fiye da tan biyu kafin ya tsinke.

Na biyu shi ne manaɗi, wanda yake ɓoye a cikin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya. A cikinsa akwai sandar da igiyar ke naɗewa a kai, mai kama da kwarkwaron masaƙa, da sifirin da ke mayar da ita ciki, da kuma maƙalai biyu. Ɗaya yana aiki da wani ɗan ƙwallon ƙarfe da ke gocewa idan an taka birki da ƙarfi ko mota ta karkace, sai ya tura haƙori ya cije sandar. Ɗayan yana cijewa ne idan an fizgi igiyar da sauri.

Na uku shi ne harshen ƙarfe da makullin da yake shiga. Na huɗu su ne zoben kafaɗa da notocin da suka ɗaure komai da jikin mota. Na biyar, wanda ake samu a yawancin motocin zamani, shi ne matsi: wani ɗan bututu mai sinadarin da ke fashewa a lokacin karo, ya tsuke bel ɗin a jikin mutum kafin ƙiftawar ido. Kamfanin Mercedes-Benz ne ya fara sa shi a motocinsa a 1981. Kamar harsashi yake, sau ɗaya yake tashi.

Asalinsa da matsayinsa a doka

Bel mai ratsa ƙugu da kafaɗa a tare, wanda aka sani yau, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi wa kamfanin Volvo, aka fara sa shi a mota a 1959. Kamfanin ya bar wa sauran masu ƙera motoci su yi amfani da fasahar kyauta. Jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya ce ta fara wajabta ɗaura shi a 1970. Birtaniya ta wajabta wa na gaba a 1983, manyan da ke zaune a baya kuma a 1991.

A Najeriya, an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a 1988, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Hukumar ta fara tilasta ɗaura bel a faɗin ƙasa ranar 1 ga Janairun 2003. Dokar da ta sake kafa hukumar a 2007 ta mayar da tuƙa motar da ba ta da bel, ko ƙin ɗaura shi, laifi. Ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012 sun tanadi cewa a samu bel a kujerun gaba da na baya, kuma kowa ya ɗaura muddin mota tana tafiya. Jadawalin laifukan hukumar ya daɗe yana ɗauke da tarar naira 2,000 a kan wannan laifi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta kuma bayyana cewa ɗaura bel yana rage yiwuwar mutuwar direba da fasinjan gaba da kusan rabi.

Najeriya ta ga misalin da ya girgiza ta. Ranar Lahadi 6 ga Maris ɗin 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta baya ta fashe. Rahoton da shugaban FRSC na lokacin, Boboye Oyeyemi, ya gabatar wa Majalisar Zartarwa ta Tarayya ya nuna cewa na baya ba su ɗaura bel ba, har motar ta yi jifa da ministan da ɗansa, alhali direba da jami'in tsaron da ke gaba, waɗanda suka ɗaura, sun tsira da ransu.

Abin da ke lalata bel a wannan yanki

Ƙananan hukumomin 'Yankwashi da Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda suka haɗu suka zama masarautar Kazaure, da maƙwabciyarsu Babura da ke bakin iyakar Nijar, ƙasa ce mai ƙura da zafin rana. Babbar hanyar Kano zuwa Daura da ta ratsa Kazaure kwalta ce, amma hanyoyin ƙauyuka da yawa burji ne ko rairayi. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da zufa da man shafawa, ta kama igiyar, ta mayar da ita kamar busasshiyar fata. Igiyar da ta sandare ba ta sulɓewa a zoben kafaɗa, sifirin kuma ba shi da ƙarfin da zai ja ta. Daga nan sai ta riƙa lilo a bakin ƙofa, ƙofar tana datse ta kullum har gefenta ya fara zarewa.

Rana tana nata aikin. Haskenta yana cinye ƙarfin zaren a hankali, yana kuma gasa robar madannin makulli har ta riƙa gutsurewa. Wannan lahani ya taɓa jawo ɗaya daga cikin manyan janye motoci a tarihin Amurka: a 1995 an kira motoci fiye da miliyan takwas na Honda da Nissan da wasu kamfanoni domin gyara, saboda robar madannin makullan da kamfanin Takata ya ƙera tana farfashewa, gutsattsarin su faɗa ciki su hana makullin kamawa.

Sai kuma lodi. Motocin haya irin su Golf da Sharon suna ɗaukar mutum biyu a kujerar gaba da aka yi wa mutum ɗaya, huɗu a layin da aka yi wa uku. Ranar kasuwa a ɗora buhunan gero ko riɗi ko zoɓo a kan kujeru, makullan su murƙushe. Idan aka kai mota wurin mai kushin, sau da yawa yakan tura makullan baya ƙarƙashin kujera ya rufe su da sabon yadi, wani lokacin ma ya cire su gaba ɗaya. Da damina kuma, motar da ta shiga ruwa mai zurfi takan fito da manaɗin da zai yi tsatsa daga ciki.

Lahanin da ake gyarawa

Bel ɗin da ba ya komawa ciki, ko yake komawa da ƙyar, yawanci datti ne ya kama shi. Ana jawo shi duka har ƙarshe, a maƙale shi da abin shanya a bakin ginshiƙi don kada ya koma, a jiƙa shi cikin ruwa mai ɗumi da sabulu mara kaifi, a goge da buroshi mai laushi, a ɗauraye. A goge zoben kafaɗa shi ma, domin dattin da ya daskare a nan ne ya fi riƙe igiyar. Sai a bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin a sake shi, don kada laima ta shiga manaɗi. Ba a wanke bel da fetur ko kananzir ko bilic, ba a kuma rina shi, domin duk suna raunana zaren ba tare da ido ya gani ba.

Bel ɗin da ya murɗe a cikin zobe ko a ramin harshe, ana jawo shi duka ne, a ninka shi a tsaye, a ja ninkin ta cikin ramin har ya juye daidai.

Bel ɗin da ya cije ya ƙi fitowa ba lallai ne ya lalace ba. Idan an ajiye mota a gangare ko ta karkata gefe guda, ƙwallon ƙarfen nan yana gocewa ya kulle sandar. A mayar da motar wuri mai daidai, a bar igiyar ta ɗan koma ciki, sannan a ja ta a hankali. Haka kuma idan an taɓa kwance manaɗi aka mayar da shi a karkace, zai riƙa cijewa ba dalili, maganinsa kuwa a ɗaura shi daidai yadda kamfani ya tsara.

Makullin da harshe ba ya shiga cikinsa sosai, a fara leƙa ramin da tocila. Yashi, ɓawon gyaɗa, tsinke ko gutsuren goro sukan toshe shi. A hure shi da iskar famfon mai faci, a danna madannin sau da yawa. Ba a zuba masa baƙin mai ko giris, domin mai yana tara ƙura, bayan ɗan lokaci lahanin ya fi na da. Idan an tsabtace shi amma bai kama da ƙarar nan ta "ƙas" ba, ya tashi daga layin gyara ya koma na sauyi.

Lahanin da sai an sauya

Igiyar da ta yanke, ko gefenta ya zare, ko wuta ta taɓa ta, ko ruwan batir ya zuba mata, ko ta koɗe ta yi fari saboda rana, ta gama aiki. Ɗinkin baduku ko na tela ba ya mayar da ita. Ɗinkin kamfani ana yin sa ne da zare na musamman da tsari na musamman, a kuma gwada shi da injin ja. Ƙulli shi ma yana rage ƙarfin igiya matuƙa, kuma a daidai wurin ƙullin take tsinkewa.

Manaɗin da ba ya cijewa idan an fizge shi, ko wanda sifirinsa ya karye, ana sauya shi ne ɗungurungum. Kamfanoni ba su yi shi domin a buɗe ba. Murfin sifirin idan ya tashi, ƙarfen yana warwarewa da ƙarfin da zai iya yanka hannu ko ya taɓa ido, kuma wanda ya cire ƙwallon ƙarfen don bel ya daina cijewa ya kashe bel ɗin ne gaba ɗaya.

Makullin da ke sakin harshe da kansa, ko wanda madanninsa ya fashe, shi ma sauyi ne. Haka wurin ɗaurin da tsatsa ta cinye: ba a yi masa walda sama-sama, ba a kuma maye gurbin notinsa da kowane noti da aka tsinta a akwatin gareji, domin notocin bel ƙarfe ne mai daraja ta musamman.

Sai kuma ƙa'idar da aka fi take wa: duk bel ɗin da yake ɗaure a jikin mutum lokacin da mota ta yi karo mai ƙarfi, a sauya shi ko da ido bai ga komai ba. Zaren ya riga ya miƙe, matsin kuma idan ya tashi ba ya sake tashi.

Motocin tokumbo da fitilar da aka rufe wa baki

Galibin motocin da ke yawo a Arewa na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano, ko da yake gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari. Ana buge jikinsu a yi musu fenti su fito kamar sababbi, amma jakar iska da matsin bel da suka riga suka tashi suna da tsada, don haka wasu masu gyara sukan bar su a mace.

A allon gaban direba akwai fitila mai hoton mutum da ƙwallo a gabansa, ko mai haruffan SRS. Idan komai lafiya, tana kamawa da an murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Idan ta ƙi mutuwa, akwai matsala a jakar iska ko a matsin bel. Idan kuma ba ta kamawa sam, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Wata dabarar ita ce a sa ɗan ƙaramin abin lantarki a bakin wayar, wanda zai yaudari kwamfutar motar ta ɗauka matsin yana nan da ransa. Mai sayen mota yana da damar ya nemi a ɗora ta a na'urar bincike, a kuma buɗe murfin ginshiƙi a duba wayoyin da ido kafin ya biya kuɗi.

Yadda ake sauyawa

Masu mota a wannan yanki galibi Kano suke nufa neman kayan gyara, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa. Sabon bel na kamfani ya fi, amma tsada da ƙarancinsa sukan tilasta sayen na hannu. Wanda zai saya ya nemi na irin motarsa da shekararta da ɓangarenta, domin na dama ba ya zama a hagu. Ya duba ɗan ƙyallen da ke ɗinke a ƙasan igiyar mai ɗauke da sunan kamfani da shekarar ƙira. Ya jawo igiyar duka ya bi ta da yatsa, ya riƙe manaɗin a tsaye ya fizga ya ga ya cije. Igiyar da ta yi sheƙi kamar an goga mata dutsen guga a daidai zoben kafaɗa, ko ta yi lanƙwasa-lanƙwasa, ko manaɗin da ya ƙame ƙam, alamu ne na cewa daga motar haɗari aka ciro su. A sayi harshe da makulli a tare, domin na wata mota yana iya shiga amma bai kama yadda ya kamata ba. Araha a nan ba ta ado.

Wajen ɗaurawa, bel mai matsi aikin ƙwararren mai wayarin ne. Ana cire kan batir, a jira wasu mintuna kamar yadda littafin motar ya tanada, kafin a taɓa wayoyinsa, waɗanda galibi launin ruwan ɗorawa ne. Ba a gwada su da fitilar gwaji, ba a buga manaɗin da guduma, ba a kuma kusanto da wutar walda, domin kowanne yana iya tayar da sinadarin a hannun mai aiki.

Gwajin minti biyu

Kowane mai mota ko fasinja yana iya gwada bel kafin a tashi. A jawo shi duka a duba ko ya yanke. A sake shi a ga ko zai koma da kansa. A fizge shi da ƙarfi a ga ko zai cije. A sa harshe a makulli a saurari ƙarar kamawa, sannan a ja da ƙarfi ba tare da an danna madanni ba. Bel ɗin da ya tsallake waɗannan huɗun, sai a ɗaura shi daidai: na ƙasa a kan ƙashin ƙugu, ba a kan tumbi ba, na sama kuma ta tsakiyar kafaɗa, ba ta ƙarƙashin hammata ko bayan baya ba. Mai babbar riga ya tattare ta don bel ya kwanta a jikinsa. Mai juna biyu ta sa na ƙasa a ƙarƙashin ciki. Ƙananan yara wurinsu baya ne, kuma yaron da aka rungume a cinya ba hannun da zai iya riƙe shi a lokacin karo.

Alhakin wa?

Nauyin ya rabu ne a matakan gwamnati uku. FRSC ta tarayya ce, ita ke kama wanda bai ɗaura ba. Jami'an duba lafiyar motoci, VIO, na jiha ne, kuma su ke ba da takardar shaidar cewa mota ta cancanci hawa titi. Tashoshin mota kuwa, Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora kafa su da kula da su da tsara su a kan ƙananan hukumomi, ko da yake a aikace ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ke tafiyar da lodi a yawancinsu.

Giɓin yana tsakanin waɗannan ukun. Jami'in da ke kan titi yana ganin igiya a ƙirji ne kawai, ba ya sanin ko tana kamawa. Takardar lafiyar mota idan an karɓe ta tare da sabunta takardu ba tare da an duba motar ba, ba ta shaidar komai. A tasha kuma ana ƙirga kujeru ne da kuɗin da za su kawo, ba da yawan bel ɗin da ke cikin motar ba. Direban haya da tsadar fetur ta matse yana da hujjarsa ta ƙara fasinja, amma fasinja na biyu a kujerar gaba ba shi da bel ko da motar sabuwa ce fil.

Tambayoyin da mazauna yankin za su iya yi wa shugabannin ƙananan hukumominsu da 'yan majalisarsu a Dutse ba masu wuya ba ne. Shin gwajin bel yana cikin abin da ake dubawa kafin a ba da takardar lafiyar mota? Wa ke duba motocin haya kafin su yi lodi a tasha? Motocin gwamnati da na ɗaukar ɗalibai da marasa lafiya, bel ɗinsu na baya yana aiki?

Wanda ya samu mummunan karaya ko rauni a kai a hanyoyin 'Yankwashi ko Gwiwa ko Roni, bayan taimakon farko a Babban Asibitin Kazaure, sau da yawa sai an wuce da shi Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Kazaure. Lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122. Kafin a kai ga buƙatarta, akwai ruwan ɗumi da sabulu ga bel ɗin da datti ya kama, akwai kuma sifana da sabon bel ga wanda ya mutu.